Shagunan kwamfuta da rubuta CV: abin da kuɗinka ke saya da abin da ba ya saya

Duk inda ka ga babbar makaranta ko sakatariyar gwamnati a Arewa, za ka ga shagunan kwamfuta sun yi layi a bakin ƙofarta. Samaru daura da ƙofar ABU, Kabuga da titin Gwarzo a Kano, Tudun Wadan Kaduna wajen Kadpoly, titin Bama a Maiduguri, allon duk iri ɗaya ne: fotokwafi, furintin, sikanin, laminatin, rajistar intanet, sai can ƙasa an rubuta CV, wato takardar tarihin karatu da aikin mai neman aiki. Akasarin masu neman aiki a nan aka yi musu CV ɗinsu na farko, da yawa kuma da shi suke ta yawo shekara da shekaru. Hidima ce mai araha da sauri, tana kuma da ranarta. Sai dai mutane na shiga da zaton abu kaza suka saya, alhali wani abu daban aka sayar musu.

Ga yadda ake yi. Ka shiga ka ce CV kake so. Yaron shago zai ce, "Oga, kawo takardunka," ko ya miƙo maka farar takarda ka rubuta sunanka da makarantun da ka yi. Daga nan sai ya buɗe fayil ɗin wani da ya riga ka zuwa, ya goge sunansa ya sa naka, ya sauya makarantu da shekaru, ya waiwayo ya ce, "Su wa za mu sa a rafari?" Wato mutanen da za su ba da shaida a kanka. Kafin minti ashirin an miƙo maka shafi biyu da ɗuminsu. Abin da za a caje ka bai wuce kuɗin taifin da furintin ba, yana hawa yana sauka tare da kuɗin man janareto. To, taifin ɗin ka biya. Babu wanda ya zauna ya yi tunanin wane ne kai, wane aiki kake nema, me mai ɗaukar aikin yake son gani. Shagon kamar telan da ke da awo ɗaya ne: wanda jikinsa ya zo daidai ya more, sauran kuwa su yi ta ja da naɗewa.

Wanda awon ya yi wa daidai shi ne mai neman aikin gwamnati, kuma a nan dole a ba shagon haƙƙinsa. Tsarin nan da ke farawa da ranar haihuwa, jinsi, jiha, ƙaramar hukuma, da aure ko babu, ba masu shago suka ƙirƙiro shi ba. Daga sanarwar aikin gwamnati ya samo asali. Sashe na 14(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta a raba guraben aikin tarayya tsakanin sassan ƙasa, akwai kuma hukumar da ke sa ido a kan haka, shi ya sa jiharka da ƙaramar hukumarka da takardar indijin ba ado ba ne a can. Jami'o'i da kwalejoji ma idan za su ɗauki malamai, sanarwar kan jero abin da CV zai ƙunsa ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci har da yawan 'ya'ya da shekarunsu, da maƙalun da mutum ya wallafa, da mutum uku da za su aika wasiƙar shaida kai tsaye ga rijistara, sannan a ce a kawo kwafi goma ko sha biyar. Irin wannan aikin shagon ya ƙware a kai. Ka miƙa masa sanarwar, ka ce ya bi jerin yadda yake ba tare da tsallake ko ɗaya ba, ya buga, ya haɗa, ya zuba a ambulan.

Haka nan idan aka buɗe shafin ɗaukar 'yan sanda, kwastan, shige da fice ko sibil difens. A nan CV ba shi ne kan gaba ba, fom ake cikewa a intanet a ɗora takardu. Masu shago sun san yadda ake rage nauyin hoton fasfo da satifiket har shafin ya karɓa ba tare da rubutun ya dushe ba, sun kuma san lokacin da shafin ke sauƙin buɗuwa. Wanda ba shi da kwamfuta ba zai yi da-na-sanin kuɗin da ya biya a kan wannan ba.

Matsalar tana farawa ne ranar da aka ɗauki wannan CV ɗin aka tura wa banki, kamfanin sadarwa, masana'anta, ko ƙungiyar agaji. Mai tace takardu a irin waɗannan wurare yana da ɗaruruwa a gabansa, saman shafin farko kawai yake dubawa kafin ya yanke shawarar ci gaba ko wucewa. A CV ɗin shago kuwa, wannan wuri mai tsada an cika shi da addini, ƙabila, garin haihuwa da adireshin gidan iyaye. A ƙarƙashinsa sai wata jumla da duk wanda ya taɓa tace takardu a Najeriya ya haddace ta, mai cewa mai neman aikin zai haɗa kai da ma'aikatan da ya tarar da kayan aikin da ke ƙasa domin ya ba da tasa gudummawa wajen cimma burin ma'aikata. Injiniya ita, nas ita, mai neman aikin direba ma ita. Sai makarantu a jere tun daga firamare, digirin da ake nema yana can ƙasa. Ƙwarewar aiki, wadda ita ce dalilin buɗe takardar, sai a shafi na biyu, layi ɗaya tak. Ƙarshe a rufe da abubuwan sha'awa: karatu, tafiye-tafiye, haɗuwa da mutane.

Sai kuma ragowar mai tsohon fayil. Tunda a kan na wani aka gina naka, duk abin da ido ya tsallake naka ne yanzu. Mace ta fito da CV an rubuta namiji. Ɗan Jigawa ya fito da ƙaramar hukumar Katsina. Mai digirin tarihi ya samu kansa da ƙwarewa a AutoCAD, manhajar zanen injiniyoyi, ranar intabiyu a tambaye shi ya yi tsuru-tsuru. Akwai wani dalilin da ke sa kurakurai su fi taruwa a kanun rubutu: Microsoft Word, yadda ya zo daga kamfani, ba ya ja wa kalmar da aka rubuta da manyan baƙaƙe zalla jan layi. Masu shago kuma da manyan baƙaƙe suke rubuta kowane kai, har da sunan mutum da na makaranta. Saboda haka kuskure a nan ba abin da zai tona shi sai idon mutum. A ɗaya gefen, sunayenmu na Hausa duk jan layi suke sha, mai gaggawa kuma yakan danna ya karɓi gyaran da kwamfuta ta kawo, sai Garba ko Sani ya koma wata kalmar Turanci.

Batun suna ya fi haka zurfi. Mutum ɗaya, a WAEC Mohammed, a digiri Muhammad, a NIN Muhammed. Aishatu a firamare, Aisha a jami'a. Wani an ƙara masa sunan gari a sakandare, a jami'a an cire. Mai shago yadda kunnensa ya ji zai rubuta, ya ƙara maka salo na huɗu. Ka rubuta sunan a CV harafi da harafi yadda yake a babbar takardarka da NIN. In su biyun sun saɓa, gyaran ba a shago yake ba: takardar rantsuwa a kotu ce, da sanarwa a jarida idan canjin suna ne, kamar wadda ta koma amfani da sunan miji. A yi wannan tun kafin a kira tantancewa, don ranar ba a sauraron dogon bayani.

Akwai lahanin da ba a gani da ido, kuma ya fi duk waɗannan tsada. Manyan kamfanoni da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa da dama suna karɓar takardu ta wata manhaja da ake kira ATS. Aikinta ta karanta rubutun da ke cikin fayil, ta ware suna, makarantu, wuraren aiki da shekaru, ta adana. Jami'in ɗaukar ma'aikata sai ya bincika da kalmomin da ke cikin sanarwarsa, waɗanda suka dace su fito. Ba lallai manhajar ta jefar da kai da kanta ba. Abin da ke faruwa shi ne, in ba ta iya karanta ka ba, ba za ka fito a binciken ba, kai kuma kana gida kana jiran kira.

Hanyoyi uku shago ke jefa mutum cikin wannan. Ta farko, a buga CV a takarda, a sake yi masa sikanin ko a ɗauke shi da CamScanner a mayar PDF. Wannan hoto ne, sau da yawa babu harafi ko ɗaya a ciki da manhaja za ta kama. Ta biyu, CorelDraw. Yaran shago da yawa sun fi sakewa da shi saboda da shi suke katin biki da kalanda, kuma sun saba mayar da haruffa zane kafin su fitar da fayil don kada salon rubutun ya canja a wata kwamfutar. A katin biki dabara ce mai kyau, a CV kuwa ta kashe rubutun. Ta uku, a Word ɗin ma, idan aka zuba bayanai cikin akwatunan rubutu, ko aka raba shafi gida biyu, ko aka sa suna da lambar waya a can cikin goshin shafi, manhajar kan karanta su a hargitse ko ta tsallake.

Gwajin ba ya cin minti biyu, a yi shi a gaban mai shagon. A buɗe PDF ɗin, a danna Ctrl da A, a kwafa, a zuba a Notepad, manhajar rubutu zalla da ke cikin kwamfutar. Idan ba abin da ya fito, hoto aka ba ka. Idan ya fito amma shekarun aiki sun rabu da wuraren aikin, ko sunanka ya koma tsakiya, tsarin ne ba daidai ba. Idan ya sauko a jere daga suna har ƙarshe yadda mutum zai karanta, ya yi.

Duk waɗannan, ban da saɓanin suna a takardu, ana iya gyara su a zama ɗaya. Wanda ba ya gyaruwa a shago shi ne rashin tambaya, kuma da yawan tambaya ake gane mai rubuta CV na gaske. Mai shago zai ce, "Ka taɓa aiki?" Ka ce a'a, ya wuce. Alhali matashin da ya ce bai taɓa aiki ba, in aka zauna da shi rabin awa, sai a tarar ya yi bautar ƙasa yana koyarwa, ya yi SIWES, wato koyon aiki na ɗalibai, wata shida, ya riƙe wa yayansa shagon POS, ya yi aikin zaɓe, ya shiga zagayen rigakafin shan inna. A wurinsa waɗannan ba aiki ba ne tunda ba ofis ba albashin wata. A wurin mai ɗaukar ma'aikata kuwa su ne CV ɗin.

Ɗauki bautar ƙasa. Shago zai rubuta sunan makarantar da shekara, shi ke nan. Wanda ya san aikin zai tambaya: wane darasi, aji nawa, ɗalibai nawa, me aka damƙa maka bayan koyarwa? Sai layin ya koma, a misali: ya koyar da lissafi a azuzuwa huɗu na SS1 da SS2, ɗalibai kusan 180, ya shirya darasin yamma ga masu rubuta WAEC, shi ke haɗa sakamakon zango a Excel. Mai POS kuma: yana sallamar mutum kusan 60 a rana, yana rufe lissafi kowane dare, yana bibiyar banki kan kuɗin da ya maƙale har a dawo wa mai shi. Wannan kusan aikin mai karɓar kuɗi a banki ne, sunan ne kawai ya bambanta. Wanda ya tsare shago a Kantin Kwari ya san ƙidayar kaya, littafin bashi, da tura dila ga abokan ciniki a Maraɗi ko Injamena. Wanda ya shugabanci rumfar zaɓe a 2023 ya sarrafa na'urar BVAS, ya jagoranci mataimaka, ya cike takardar sakamako ta EC8A a gaban wakilan jam'iyyu. Wanda ya yi N-Power, shirin da aka fara a 2016, ya faɗi ɓangaren da ya yi da abin da ya riƙa yi a kullum, ba sunan shirin kawai ba. Lambobin su zama naka na gaskiya. In ba ka riƙe adadin daidai ba, ka ce kusan kaza, ka kuma ɗauki na ƙasa.

Masu neman aikin ƙungiyoyin agaji a Borno, Yobe da Adamawa su ne suka fi asara a nan. Wadda ta yi zagayen rigakafi ko rabon maganin zazzaɓin cizon sauro na damina gida-gida, ta cike takardar ƙidaya, ta shawo kan maigidan da ya ƙi, wataƙila ma ta tattara bayanai a waya da KoboToolbox ko ODK, tana riƙe da ainihin abin da sanarwar ke nema. Haka harsuna. Kanuri, Fulfulde, Larabcin Shuwa, da ita kanta Hausar, a wannan fagen ƙwarewa ce da ake ɗaukar mutum saboda ita. A CV ɗin shago, in ma an sa su, suna can ƙasa kusa da abubuwan sha'awa. A rubuta kowane harshe da matakinsa: ji kawai, magana, ko har da rubutu. A kuma sani cewa hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya nasu fom ɗin suke so a cike, don haka CV ɗin a nan ma'ajiyar bayanai ce da za a riƙa kwafa daga ciki, watanni da shekaru su zama a shirye.

Ke kuma da kika yi shekara uku ko huɗu a gida saboda aure da goyo, kada ki yarda a ja shekarun wani tsohon aiki don a rufe gurbin. Idan kin yi sana'a a lokacin, ɗinki ne, girkin sayarwa ne, koyarwa a Islamiyya ce, ki rubuta ta da watanninta kamar kowane aiki. In ba ki yi ba, gurbin ba laifi ba ne, jumla ɗaya ta isa a intabiyu.

Wajen karatu, na ƙarshe shi ke zuwa farko. Mai digiri ko HND ba ya buƙatar firamare sai a takardar gwamnati. Matakin sakamako: a ma'aunin maki biyar na jami'a, 4.50 zuwa sama shi ne mataki na ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 na biyu babba, 2.40 zuwa 3.49 na biyu ƙarami. Mai na ɗaya ko na biyu babba ya rubuta a fili. Mai ƙasa da haka yana iya yin shiru sai in sanarwa ta tambaya, amma shiru daban, canjawa daban. Takardar bautar ƙasa a faɗi wace ce, ta kammalawa, ta yafewa ga wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya gama, ko wasiƙar da ake ba waɗanda suka yi karatun da ba na cikakken lokaci ba. Rajistar sana'a kuwa, TRCN ga malami, COREN ga injiniya, ICAN ko ANAN ga akanta, lasisin hukumar nas da ungozoma, a ɗaga ta sama kusa da suna. Sau da yawa ita ake fara nema, shago kuma yakan cusa ta cikin jerin satifiket ɗin bita na kwana biyu.

Wani yaron shagon, da kyakkyawar niyya, zai ce, "Yallaɓai, a rage shekarun nan, bankuna ba sa ɗaukar wanda ya wuce kaza," ko ya ce akwai kamfanin da yake sa wa mutane a matsayin wurin da suka yi aiki. Ka ce masa a'a. Ranar haihuwarka tana jikin satifiket ɗin WAEC, tana NIN, tana BVN, kuma bankuna da manyan kamfanoni suna bincike kafin su tabbatar da ma'aikaci, wani lokaci bayan ya fara aiki. Ramin ƙarya ƙurarre ne ko ga manya. Salisu Buhari ya sauka daga kujerar kakakin majalisar wakilai a 1999 kan shekarun haihuwa da digirin Toronto. Kemi Adeosun ta ajiye muƙamin ministar kuɗi a 2018 kan takardar yafe bautar ƙasa, wadda ta ce ba ta san ta bogi ba ce. Wanda sunansa ke kan takarda shi ke amsa tambaya, ba wanda ya buga ba.

Rafari ma haka. Al'adar ita ce a jero manyan sunaye, hakimi, ɗan majalisa, wani farfesa da bai san fuskarka ba. Ƙungiyoyi da kamfanoni suna kira da gaske, tambayarsu kuma ita ce wane aiki ka yi a ƙarƙashin mutumin. Shugaban makarantar da ka yi bautar ƙasa, malamin da ya duba furojet ɗinka, mai shagon da ka yi wa aiki, sun fi amfani. Ka nemi izininsu, ka tura musu CV ɗin, ka gaya musu aikin da kake nema.

Ɓangaren da shagunan suka fi sakaci shi ne sirri. CV ɗinka zai zauna a fuskar kwamfutar tare da na wasu, gobe a kansa za a gina na wani. Saboda haka NIN, BVN da lambar asusun banki ba su da wuri a CV ko kaɗan. Idan ka buɗe Gmail ko WhatsApp a kwamfutar shago, ka fita da hannunka, kada ka amsa wa burauza ta adana kalmar sirri, sannan ka duba jerin na'urorin da ke haɗe da WhatsApp ɗinka a waya ka cire ta shagon. Mafi muni shi ne a bar mai shago ya buɗe maka imel da lambar wayarsa, ko ya sa imel ɗin shago a fom. Gayyatar jarrabawa ta imel take zuwa, wani lokaci da wa'adin kwana biyu, shi kuma ba zai bi ka gida da ita ba. Filash ma a yi hattara, kwamfutocin da kowa ke soka wa filash su ne matattarar bairos ɗin nan da ke ɓoye fayiloli. Tura wa kanka ta imel ya fi.

Sama da shago akwai masu rubuta CV da ke tallata kansu a WhatsApp, LinkedIn da X, kuɗinsu ya ninka na shago sau da yawa. Nagari a cikinsu ya cancanci kuɗinsa, kuma alamarsa a bayyane take: zai nemi sanarwar aikin da kake hari, ya kira ka ko ya turo tambayoyi masu yawa har ka fara ƙosawa, ya ba ka daftari ka gyara, ya miƙo Word da PDF. Wanda ya ce turo tsohon CV da kuɗi, bayan awa ɗaya ya dawo da shi, a ChatGPT ya zuba ko a wani tsarin Canva mai launi da ginshiƙi biyu da 'yan sanduna masu nuna wai ka iya Excel kashi 80. Kashi 80 na me? Irin wannan yakan faɗi gwajin Notepad, Turancinsa kuma ya fi ƙarfin bakin mai shi, sai a zo intabiyu a ga takarda daban mutum daban. Manhajojin AI kuma suna da halin ƙago lambobi, su ce ka ƙara ciniki da kashi 30 alhali ba ka faɗa musu haka ba. Suna da amfani wajen gyara nahawu da taƙaita jumla idan kai ka ba su gaskiyar bayanin, ka kuma bi layi-layi ka goge duk abin da ba za ka iya karewa da bakinka ba. Duk wanda ya haɗa rubuta CV da alkawarin samo maka aiki in ka ƙara kuɗi, ka kama gabanka.

Hukuncin dai shi ne: shagon kwamfuta ya yi a matsayin wurin taifin, bugawa da ɗora takardu, bai yi ba a matsayin marubuci. Hanyar cin moriyarsa ita ce ka zo da rubutunka a hannu. Kwana ɗaya kafin ka je, ka zauna da takardunka na asali da sanarwar aikin. Ka rubuta duk abin da ka taɓa yi, da wata da shekarar farawa da gamawa, ko da Hausa ne, a ƙarƙashin kowanne layi uku ko huɗu da ke farawa da abin da ka aikata. Ka ja layi a ƙarƙashin kalmomin da sanarwar ta nanata, ka tabbata waɗanda ka cancanta sun fito a naka da lafazinsu. Ka kai wa wanda ke aiki a wannan fagen ya duba, minti goma na irin wannan mutum sun fi awa guda ta wanda bai san fagen ba. Sannan ka tafi shago, ba da safiyar Litinin ba, ba kuma lokacin rajistar bautar ƙasa da layi ya kai titi ba.

A can ka ce a buɗe sabon shafi fari a Word, ba fayil ɗin kowa ba. Takarda A4, domin wasu kwamfutocin a kan girman takardar Amurka suke, sai ƙasan shafi ya yanke ko ya bar fili. Gefe santimita 2 zuwa 2.5. Salon rubutu ɗaya, Calibri ko Arial, girma 11, kanu 13 ko 14, suna ya ɗan fi haka. Ginshiƙi ɗaya, ba hoto sai an nema, ba zanen fulawa a gefe. A hana shi jera shekaru da danna sipes, ya yi amfani da Tab, in ba haka ba duk su watse a wata kwamfutar. Sabon mai digiri shafi ɗaya, in ya yi yawa biyu. A sama suna, gari, imel mai ɗauke da sunanka ba laƙabi ba, da lambar waya da ke kunne, a rubuta ta da +234 a cire sifirin farko idan ƙungiyar waje ce. Ka riƙa tuna masa ya adana, don ba kowane shago ke da abin riƙe wuta ba idan NEPA ta ɗauke. A buga da firinta mai hoda, ta ruwa tana zuba da zarar gumi ko yayyafi ya taɓa ta. Ba a yi wa CV laminatin, ba a yi masa bango.

Masu nema a Nijar, Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, shagunan da halinsu duk ɗaya ne, sai dai da Faransanci ake rubutawa, kuma sanarwa kan nemi a haɗa da wasiƙar bayyana dalilin neman aikin da katin ANPE, hukumar samar da ayyukan yi ta ƙasar. Kada a fassara CV ɗin Najeriya kalma da kalma, a rubuta sunan kowace shaida yadda take a faɗi shekarun da aka yi ana karatunta.

Kafin ka biya, karanta takardar da aka buga da ƙarfi tun daga sunanka, ba a fuskar kwamfuta ba, ka bi lambar waya da imel da yatsa. A sa wa fayil ɗin sunanka da CV, ba "Document1" ko sunan wanda ya riga ka ba. A tura maka PDF da Word duka biyu ta imel, in ta WhatsApp ne a tura a matsayin fayil ba hoto ba, ka buɗe a wayarka ka gani kafin ka tashi, sannan a goge na kwamfutar har cikin kwandon shara. Na Word ɗin shi ne dukiyar, domin kowace sanarwa tana buƙatar a taɓa saman shafin farko a sake jera layuka, kuma ana iya yin haka a waya da WPS ko Google Docs. Wasu shagunan ba sa son bayar da shi don ka dawo. Idan an ce sai ka ƙara wani abu, ka ƙara, ya fi a sake maka taifin daga farko duk lokacin da aka buɗe gurbi.